Girkawa a ƙasar Indiya: wa ya rine wani?

Tambaya: "Malam barka da warhaka. Na kalli wani bidiyo ana cewa wai akwai wata ƙabila a Pakistan da jikokin sojojin Iskandar ne, wai kuma mutum-mutumin Buddha ma Girkawa ne suka fara sassaƙa shi. Ni dai a sanina Girka tana Turai, Indiya kuma tana can gabas, to ya aka yi har suka haɗu? In ma sun haɗu ɗin, Girkawan ne suka koma Indiyawa ko Indiyawan ne suka kwaikwayi Girkawa? Don Allah a warware min."

Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. In na fahimce ka da kyau tambaya uku ka ƙunsa a ɗaya, ta ina suka haɗu, wa ya rinjayi wani, sannan abun da bidiyon ya faɗa gaskiya ne ko shaci faɗi. Ta farkon mai sauƙi ce. Ta tsakiyar kuwa ita ce na daɗe ina ja da ɗalibai a kanta a aji, kuma tun yanzu bari in gaya maka inda na tsaya, tambayar ta ɗauka cewa dole mutum ya zama ko Bagirke ko Ba'indiye, alhali mutanen da suka bar mana rubutu da sunayensu a jikin dutse ba haka suka ɗauki kansu ba. Amma bari mu bi abun daki-daki.

Farisa ce ta fara haɗa su

Mutane da yawa suna zaton Iskandar ne ya buɗe hanya, toh ba shi ba ne. Kusan shekara 200 kafin shi daular Farisa ta riga ta shimfiɗa mulki tun daga garuruwan Girkawa na gaɓar Turkiyya ta yau har zuwa kogin Indus a Pakistan ta yau. Gandhara, wato yankin Peshawar na yau, ta riga ta shiga hannun Farisa, sai Sarki Dariyus na farko ya ƙara Sindh cikin lardunansa wajen shekara ta 515 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga nan zan riƙa rubuta K.H. don taƙaitawa, har ya aika wani Bagirke mai suna Silaks ya bi kogin Indus da jirgi ya kawo masa labarin inda yake faɗawa teku. Kaga kenan mutanen biyu sun taɓa zama talakawan sarki ɗaya, suna biyan haraji a baitulmali ɗaya, kuma lokacin da Farisa ta kai wa Girka yaƙi a 480 K.H. akwai maharba Indiyawa a cikin rundunar.

Sunayen ma ta bakin Farisawa suka bi. Girkawan da suka fi kusa da Farisa su ne na yankin Iyoniya, sai Farisawa suka kira su Yauna, Indiyawa suka ɗauka suka ce Yona ko Yawana, kuma asalin nan ne dai ya ba Larabawa Yunan, wanda duk ɗalibin da ya karanta manɗiƙi a zaure ya san shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma kogin da Indiyawa ke kira Sindhu Farisawa suka ce Hindu, Girkawa suka yar da h ɗin suka ce Indos, ga Indiya ta fito. Ka riƙe kalmar Yawana ɗin nan, za mu dawo kanta.

Shi Iskandar na Masidoniya (zancen ko shi ne Zulƙarnaini ko ba shi ba malamai sun yi saɓani, ba shi ya tara mu ba yau) bai yi cikakkiyar shekara biyu a yankin ba. Ya shigo a 327 K.H., sarkin Taksila ya yi masa mubaya'a ba faɗa, a 326 ya gwabza da sarki Poras a bakin kogin Jhelum ya ci shi da ƙyar sannan ya mayar masa da sarautarsa, da aka kai kogin Beas sojoji suka ce su fa sun gaji ba inda za su ƙara, dole ya juya. Ya mutu a Babila a 323. Abun da ke ba ni dariya kullum shi ne, Girkawa sun cika littattafai da labarin wannan tafiya, amma tsofaffin littattafan Indiya ko sunansa ba su ambata ba. A wajensu wani maharin kan iyaka ne ya zo ya wuce kamar guguwa.

Abu ɗaya dai ya tsaya wa Girkawan a rai, masu zuhudun da suka gani a kusa da Taksila zaune tsirara a rana ba su damu da sarki ba balle kyautarsa. Ɗaya daga cikinsu da Girkawa suka kira Kalanos ya bi tawagar har Farisa, da ciwo ya kama shi ya sa aka haɗa masa itace ya hau ya ƙone kansa a gaban rundunar ko gezau bai yi ba. Kuma a cikin tawagar akwai Firo, wanda daga baya ya kafa mazhabar shakka a falsafar Girka, marubutan da sun ce ya zauna da waɗannan mutane. Ko daga wajensu ya ɗebo ra'ayinsa, wannan har gobe masana na musu a kai.

Giwaye 500 da malamin da ba na sayarwa ba

Haɗuwa ta gaske bayan mutuwar Iskandar ta fara. Candragupta Maurya ya kafa daula a Pataliputra, wato Patna ta yau, shi kuma Selukas, ɗaya daga cikin kwamandojin Iskandar da ya gaji gabashin daular, ya zo karɓar abun da yake ganin gadonsa ne. Ba ta yi masa daɗi ba, wajen 303 K.H. aka yi sulhu, ya bar wa Candragupta lardunan gabas har da yankin Kandahar, ya karɓi giwayen yaƙi 500, aka kuma ƙulla yarjejeniyar auratayya. Giwayen nan su ya je ya ci yaƙin Ipsos da su a 301 a ƙasar Turkiyya ta yau. Ka lura da abun da wannan ke nufi, Girkawan da Iskandar ya zaunar a garuruwan can sun wayi gari talakawan sarkin Indiya ne.

Selukas ya tura jakada Megastenis zuwa Pataliputra, ya rubuta littafi a kan ƙasar, littafin ya ɓace sai guntayen da wasu suka ciro. Ya ga abubuwa da idonsa ya faɗa daidai, girman birnin da ganuwarsa ta katako da yadda jama'a suka kasu gida-gida ba mai auren wani, amma ya haɗa da ji-ta-ji-ta irin su mutanen da ke kwana a cikin kunnuwansu. Abun da ya fi shafar tambayarka shi ne da ya ga abubuwan bautar Indiyawa bai ce baƙi ne ba, cewa ya yi ai wannan Herakles ne, wancan Diyonisos ne. Ɗabi'ar Girkawa ce wannan, duk inda suka je sai su nemi nasu a cikin na mutane, kuma ita ce ta sauƙaƙa duk abun da ya biyo baya.

Akwai wani ɗan labari da nake so. Bindusara ɗan Candragupta ya aika wa Antiyokas ɗan Selukas cewa a sayo masa ruwan inabi mai zaƙi da busasshen ɓaure da malamin falsafa guda ɗaya. Antiyokas ya ce inabi da ɓaure suna tafe, amma malami kam dokar Girkawa ba ta yarda a sayar da shi ba.

Sai jikan Candragupta, Ashoka, wanda ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232 K.H. ya kuma rungumi addinin Buddha bayan ɓarnar yaƙin Kalinga. Shi ya sa aka sassaƙa wa'azinsa a jikin duwatsu ko'ina a daular, kuma a 1958 aka gano ɗaya a Kandahar da harsuna biyu, Girkanci a sama Aramiyanci a ƙasa. Girkancin mai kyau ne, na wanda ya yi karatu, ba na tafintan kasuwa ba. Kalmar da Ashoka ya gina komai a kanta ita ce dhamma, kuma mai fassarar bai kwafe ta da haruffan Girka ya wuce ba, ya zauna ya nemi abun da Bagirke zai ji a jikinsa, ya zaɓi eusebeya, wato girmama abun bauta da iyaye da na gaba. Duk wanda ya taɓa fama da fassara kalma irin taƙawa ko kunya zuwa wani harshe ya san aikin da mutumin nan ya yi. Wani mutum ne da ya san duniyoyin biyu daga ciki, kuma ba mu da ko sunansa. A wani rubutun kuma Ashoka ya jera sunayen sarakunan Girkawa biyar da ya ce saƙonsa ya kai gare su, ciki har da Antiyokas na Sham da Talomi na Masar da Magas na Kirene a Libiya ta yau.

Sarakunan da kuɗinsu ne kawai ya tuna da su

Wajen 250 K.H. gwamnan Baktiriya, arewacin Afganistan kenan, mai suna Diyodotas ya ɓalle ya naɗa kansa sarki. Ɗaya daga cikin biranen wannan masarauta shi ne wanda ake kira Ai Khanum yanzu, a mahaɗar kogin Amu Darya da Kokca, wanda Faransawa suka haƙa daga 1965 zuwa 1978. Sun samu dandalin wasan kwaikwayo irin na Girka da filin motsa jiki, da wani dutse da aka rubuta wa hikimomin da aka kwafo tun daga Delfi, wurin bauta a Girka, dubban kilomita daga nan: kana yaro ka yi ladabi, kana saurayi ka kame kanka, a tsakiyar shekaru ka yi adalci, da tsufa ka ba da shawara ta gari, ka mutu ba da baƙin ciki ba. Amma babban ɗakin bautar garin ba fasalin Girka gare shi ba sam, ginin gabas ne. Tun a nan ka fara ganin abun.

Da daular Maurya ta raunana sai waɗannan sarakuna suka tsallako duwatsun Hindu Kush, Dimitiriyos ya fara wajen 180 K.H., a kuɗinsa ma hular kan giwa ya sa har da haure da hanci. Daga nan har zuwa wajen shekara ta 10 Miladiyya an yi sarakunan Girkawa sama da 30 a yankin Gandhara da Punjab, kuma mafi yawansu ba littafin da ya ambace su, sulallansu kawai aka tono.

Ga abun da nake yi a aji. Ina buga hoton sulen azurfa na sarki Menanda gaba da baya a takarda biyu daban, in raba ɗalibai gida biyu kowa da tasa ba tare da sun san abu ɗaya ne ba, in ce su gaya min wane irin sarki ne wannan. Masu fuskar gaba za su ga kan mutum da ɗaurin sarauta irin na Masidoniya da haruffan Girka suna cewa basileos soteros Menandru, na sarki mai ceto Menanda, sai su ce Bature ne. Masu bayan kuma za su ga wani rubutu da ke tafiya daga dama zuwa hagu kamar ajami, Kharoshti kenan, in na karanta musu maharajasa tratarasa Menandrasa sai wani ya yi caraf ya ce Malam ai maharaja na finafinan Indiya ne. Sai in haɗa takardun baya da baya in ɗaga. Akwai shekarar da wata ɗaliba ta ce to ai kamar takardar naira ce da boko da ajami, na ce kin gama darasin. Ba rubutun kaɗai ba, har nauyin sun sauya, dirakma, wato sulen azurfa na Girkawa, ta Atina wajen giram 4.3 ce, su kuwa suka koma buga ta wajen giram 2.4 don ta dace da ma'aunin kasuwar Indiya, wasu ma suka buga masu kusurwa huɗu don haka mutanen wajen suka saba gani. Ɗan kasuwa ba ya karɓar kuɗin da bai yarda da shi ba, ko sarkin waye.

Wani sarkin mai suna Agatokles ya wuce nan. A Ai Khanum an samu sulallansa shida da ke ɗauke da Balarama riƙe da garma a gefe ɗaya, Wasudewa wato Krishna riƙe da ƙafar keke a ɗaya gefen, kuma suna cikin hotuna mafi tsufa da ake da su na waɗannan abubuwan bauta a duniya. Irin waɗannan kuɗi masu harshe biyu su suka taimaka wa James Prinsep da abokan aikinsa a shekarun 1830 suka warware tsofaffin rubuce-rubucen Indiya da an manta yadda ake karanta su, don sunan sarki da Girkanci sananne ne, sai a bi shi harafi-harafi a ɗaya gefen.

Menanda ɗin nan, da ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 2 K.H., shi ne kaɗai ya samu shiga littattafan ɓangarorin biyu sosai. Mabiya Buddha suna kiransa Milinda, kuma suna da littafi guda na tambayoyin da ya yi wa wani malaminsu Nagasena a birnin Sagala, wanda ake kyautata zaton Sialkot ce. Farkon muhawarar ma a kan tambayarka yake. Sarki ya ce ya sunanka, malamin ya ce ana ce min Nagasena amma suna ne kawai, babu wani tsayayyen abu a bayansa. Sarki ya ce to wa ke cin sadakar da ake ba ka? Malamin ya ce ranka ya daɗe da ƙafa ka zo ko a keken doki? Ya ce a keke. To ƙafafun ne keken? A'a. Sandar ja ce? A'a. Linzamin ne? A'a. To ina keken yake? Sarki ya ce ai haɗuwarsu ake kira keke. Ya ce to haka Nagasena. Ni ta fassara na karanta littafin ba da harshensa na Pali ba, kuma an rubuta shi ne bayan zamanin Menanda, don haka ba rahoton zaman fada ba ne. Ƙarshensa ya ce sarki ya bar gadon mulki ya shiga zuhudu, amma marubuci Fulutak Bagirke ya ce a sansanin yaƙi ya mutu, garuruwa suka yi ta rigima a kan tokarsa har aka raba musu kowa ya gina mata wuri, wanda kuma ya yi kama da abun da ake faɗa an yi da tokar Buddha. A bayan sulallansa na azurfa dai Atena, abar bautar Girkawa, ce tsaye da garkuwa.

Kar kuma ka ɗauka duk zaman lafiya aka yi. Patanjali malamin nahawun Sanskrit da yake neman misalin abun da ya faru kwanan nan kowa ya sani, irin daraba Zaidun Amran ɗinmu, sai ya rubuta Bayawane ya yi wa birnin Saketa ƙawanya. Yaƙi ne ya shiga littafin nahawu.

Mutum biyu

In za ka manta komai ka riƙe waɗannan biyun. Na farko Heliyodoras ɗan Diyon, mutumin Taksila, jakadan sarki Antiyalkidas zuwa fadar sarki Bhagabhadra a Widisha, tsakiyar Indiya, sama da kilomita 1,000 daga gida. Wajen 113 K.H. ya kafa ginshiƙin dutse wanda har yau yana nan tsaye a Besnagar a jihar Madhya Pradesh, ya sa aka rubuta da harshen wajen da haruffan Brahmi cewa ya kafa shi ne don Wasudewa abun bautar abubuwan bauta. A cikin jimla ɗaya ya kira kansa Bhagawata, wato mai bautar Wasudewa, ya kuma kira kansa jakadan Yona, ya ambaci ubansa da sunansa na Girka. Bai ga wani karo a ciki ba. A ƙasa ya ƙara cewa abu uku ke kai mutum aljanna, kame kai da kyauta da rashin gafala. Wasu masana sun ce siyasa ce kawai irin ta jakada, kuma ba zan ce babu ita a ciki ba, amma jakada na iya ba da kyauta ga wurin bauta ba tare da ya ce shi mabiyi ne ba, shi kuwa ya faɗa. Mutanen ƙauyen suna kiran ginshiƙin Khamba Baba suna shafa masa jan gari na ibada shekara da shekaru har ya rufe rubutun, sai a farkon ƙarni na 20 da aka kankare aka ga ashe Bagirke ne ya kafa.

Na biyu ta ɗaya hanyar ya bi. Wani dutse daga Kandahar da aka wallafa a 2004 yana ɗauke da waƙar Girkanci ta wani Sofitos ɗan Naratos. Sunayen nan ba na Girka ba ne, masana da dama na ganin na Indiya ne aka yi musu kwaskwarima. Yana ba da labarin yadda gidansu ya karye yana yaro, ya ci bashi ya fita fatauci gari-gari, ya yi arziki ya dawo ya sake gina gidan ubansa da kabarin kakanninsa. Waƙar cike take da kalmomi masu wuya irin na tsofaffin mawaƙan Girka, kuma in ka bi haruffan farkon baitocin daga sama zuwa ƙasa sunansa da na ubansa suke bayarwa, irin yadda malamanmu na da ke jera farkon baitoci su fitar da aya, har ma ya sa aka sake jera haruffan a gefe don kar mai wucewa ya kasa lura. Mutum ne mai son a san ya yi karatu. To ka gaya min, tsakanin mai sunan Girka da ke bautar Krishna da mai sunan Indiya da ke gwanintar waƙar Girka, wa ya rine wani? Kuma ba su kaɗai ba ne, a kogunan ibadar Buddha na Karle da Nasik a yammacin Indiya akwai masu sadaka da suka rubuta cewa su Yawana ne amma sunayensu na Indiya ne tsantsa, kamar Indragnidatta ɗan Dhammadewa.

Su Indiyawan ma ba baki ɗaya suka yi a kansu ba. Littafin dokokin Manu ya rasa inda zai ajiye su, mayaƙa ne masu mulki amma ba sa bin Brahmanawa, wato malaman addinin Hindu, sai ya ce asalinsu jinin sarauta ne da suka faɗo saboda barin ibada. Wani nassin mabiya Buddha kuwa hujja ya kafa da su a kan masu cewa matsayin haihuwa ba ya canzawa, ya ce a ƙasar Yona gida biyu ne kawai, ɗa da bawa, kuma ɗa kan zama bawa, bawa ya zama ɗa. Masanin taurari Warahamihira a ƙarni na 6 Miladiyya ya ce Yawana bare ne amma ilimin nan ya kafu a wajensu har ana girmama su kamar waliyyai, kuma kalmomi irin su hora da kendra a ilimin taurarin Indiya daga Girkanci suke. Sannan kalmar Yawana kanta ta yi ta faɗi, a waƙoƙin Tamil na kudu fataken daular Rum ne masu zuwa da zinariya su koma da masoro, daga baya can aka riƙa kiran Musulmi da ita. Mu ma mun san irin wannan, Dandalin Turawa na Kano ai ba don Ingilishi aka sa masa suna ba, Larabawan arewacin Afirka ne Turawan farko. Don haka in ka ga Yawana a rubutu sai ka tambayi wane ƙarni kafin ka ce Bagirke.

Abun da bidiyon ya faɗa

Zancen mutum-mutumin Buddha akwai ƙamshin gaskiya amma an zuzuta. A tsofaffin gine-gine irin su Sanci da Bharhut ba a nuna shi da siffar mutum, sai sawun ƙafa ko kujera ba kowa ko bishiya. Siffar mutum ta bayyana ne wajen ƙarni na 1 Miladiyya a wuri biyu kusan lokaci ɗaya, Gandhara da Mathura. Na Gandhara da ka gani da gashi mai lanƙwasa da mayafi mai ninki-ninki hannun Girka da Rum a bayyane yake, har mai tsaron Buddha, Wajrapani, an sassaƙa shi a Hadda kusa da Jalalabad da siffar Herakles da gemu da fatar zaki. Amma na Mathura daga tsohuwar sassaƙar Indiya ya taso, kuma lokacin da abun ya bunƙasa mulkin Girkawa ya riga ya ƙare, Kushanawa ne ke mulki, ciniki da Rum kuma na kan ganiyarsa. Bafaranshe Alfred Fushe ne ya yayata cewa daga Girka abun ya zo, Ananda Kumaraswami ya yi masa raddi a 1927 ya ce daga gida ne. Ka lura da zamanin, Indiya na ƙarƙashin Ingila, kowa da abun da yake son tarihin ya ce. Haka aka sake yi tsakanin Tarn ɗan Birtaniya da ya rubuta tarihin waɗannan sarakuna a 1938 a matsayin reshen tarihin Girka, da Narain Ba'indiye da ya amsa masa a 1957 cewa tarihin Indiya ne. Ni a karatuna kowannensu fuska ɗaya ta sulen ya riƙe, irin ɗalibaina kafin in haɗa takardun.

Iyakar hujjojin kuma dole a faɗe ta, kusan duk abun da ke hannu na sarakuna ne da jakadu da attajirai, masu kuɗin sa a sassaƙa dutse. Matan da sojojin nan suka aura da harshen da ake yi wa yaro magana a tsakar gida, dutse bai riƙe wannan ba, kuma a nan ne yawancin cakuɗuwar ta faru. Abun da ake iya gani shi ne yadda abun ya ƙare a hankali. Sarki Kanishka na Kushan ya bar Girkanci a matsayin harshen hukuma ya koma Baktiriyanci, rubutun Rabatak da aka gano a Afganistan a 1993 ya faɗi haka, amma da haruffan Girka ya ci gaba da rubuta shi, har akwai kuɗinsa na zinariya mai hoton Buddha da aka rubuta BODDO a gefe. Ita kuma dirakma ta zama dramma a Indiya, ta bi ta Farisa ta zama dirhamin da kake karantawa a babin zakka.

Ƙabilar da aka nuna maka kuwa Kalash ce, 'yan dubbai ne a kwaruruka uku na yankin Citral a arewa maso yammacin Pakistan, suna da addininsu na gargajiya, wasunsu farare masu hasken ido, shi ya sa labarin ke saurin shiga. Amma harshensu ɗan gidan harsunan Indiya ne, addininsu ya fi kusa da tsohon addinin Indiya da Iran, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka yi musu bai nuna jinin Girkawa ba, ya nuna mutane ne da suka daɗe a keɓe a cikin duwatsunsu. Ba su kaɗai ke da irin labarin ba, sarakunan Hunza da na Badakhshan ma sun daɗe suna jingina asalinsu ga Iskandar, kamar yadda gidajen sarauta a ko'ina ke son kaka mai suna. Labarin dai ya yi musu rana ta wani ɓangaren, don saboda shi wasu 'yan sa-kai daga Girka suka zo kwarin Bumburet suka gina musu makaranta da gidan adana kayan tarihi, ana kiransa Kalasha Dur, kuma yana nan ana shiga.